Motar da Baba Ya Yi wa Rumbu

Zuwa ga Malam Ja'afaru, mai amsa wasiƙun masu karatu,

Assalamu alaikum. Malam, don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka daure ka karanta takardar nan har ƙarshe ko da ta yi maka tsawo. Na san yawancin masu rubuto maka rigimar aure ce ko ta gado ke kawo su. Ni maganar mota ce ta kawo ni, kuma na san za ka yi dariya. Yi abinka, matata Hauwa'u ma ta yi, sai da ta ga ina barin tuwo a kwano sannan ta daina. Ni ba mai yawan neman shawara ba ne, a soja ma da taurin kai aka san ni, amma wannan karon abin ya sha kaina, domin tsatsa ce ke neman shiga tsakanina da mahaifina.

Bari in faro maka daga tushe. Kafin yaƙi ni direba ne a ofishin gandun daji na nan Birnin Gwari. Baturen da nake tuƙawa yana da wata 'yar ƙaramar mota tasa ta kansa, ja, mai kujera biyu rak, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya, ƙafafunta masu wayoyi irin na keke. Irin motocin nan ne da aka ƙera don gudu da shan iska, ba don ɗaukar kaya ba. Ga ta ƙasa-ƙasa, cikinta na neman shafar hanya, shi ya sa mutanen gari suka sa mata suna Jangwada, wato ƙadangare mai jan kai. Tun a hannunsa ta tsufa, don shi ma a hannun wani ya saye ta a Ikko. Bayan an sami mulkin kai ya tashi komawa ƙasarsu, ya ga ba ta kai a yi mata wahalar jirgin ruwa ba, sai ya sallama mini ita a kan ɗan abin da na iya.

Malam, ban sani ba ko ka taɓa son wani abu da kowa ke ganin wauta ce. Na so motar nan. In na taso daga aiki na naɗe tamfol baya, na kama hanyar Funtuwa da yamma, iska na dukan fuskata, kurmi na wucewa dama da hagu, sai in ji duk gajiyar ranar ta sauka. Mutane sun yi surutu har sun gaji, wai direba da motar da ko akuya ba ta ɗauka. Mahaifina, Baba Mainasara, shi ne kan gaba wajen faɗa. Manomi ne tun tasowarsa, ya ce abin hawan da ba ya kai buhun dawa kasuwa jakinsa ya fi shi daraja. Ko sau ɗaya bai taɓa yarda ya sa ƙafa a ciki ba.

Da yaƙin basasa ya ɓarke aka nemi direbobi, na ba da sunana. Ranar da zan tafi na tura Jangwada bayan gida, na cire batir, na ce wa Baba ga amana nan. Addu'a kawai ya yi mini ya juya. A raina na riga na sallama ta, na ce in Allah ya sa na dawo da rai zan tarar kaji sun mai da ita akurki, kuma ba zan ga laifin kowa ba.

Ashe ban san tsohon nan ba. Abin da ya faru a bayana Hauwa'u ce ta ba ni labari. Ko mako ban yi da tafiya ba ya tara maƙwabta, suka ɗaga motar suka ɗora ta a kan manyan duwatsu yadda ake ɗora gindin rumbu, tayoyinta ba sa taɓa ƙasa. Ya kewaye ta da ginin laka, ya yaɓe da makuba, ya ɗora jinka a kai, ya bi kowace kafa ya toshe, ya bar wata 'yar ƙofa da yake liƙewa da laka. Duk wanda ya wuce sai ya ɗauka rumbun hatsi ne dogo. Abin da ya fi tsoro shi ne gara, kuma yana da gaskiya, don garar yankinmu in ka manta takalminka a ƙasa ka kwana biyu, sai ka tarar da labarinsa kawai. Ga kujerun Jangwada na fata, ga allon gabanta na katako. Sai ya yi mata abin da yake yi wa irin wake kowace shekara. Ya tankaɗe toka ya zuba a daɓen motar, ya zuba ƙarƙashin kujeru, ya zuba cikin ƙofofi, ya cika akwatin kaya na baya.

Tokar gidanmu ba ta isa ba, sai matan unguwa suka fara kawo tasu a ƙwarya. Daga nan abin ya zama wani abu daban. Duk matar da ke da ɗa ko miji a bakin daga sai ta kwaso tokar murhunta ta kawo wa Jangwada, Musulmi da Kirista, ta ce Baba ya sa nata a addu'a. Kowace damina in hadari ya fara haɗuwa sai ya fasa 'yar ƙofar nan, ya rarrafa ciki da tsufansa, ya ƙara sabuwar toka da hannunsa, ya fito ya liƙe. Damina uku yana haka. Ya gaya wa Hauwa'u cewa muddin gara ba ta taɓa motar nan ba, mai ita zai dawo ya tuƙa abarsa.

To, Allah ya dawo da ni. Na tarar idon Baba ya yi yana, inuwa-inuwa kawai yake gani, amma ranar da za a fasa rumbun shi ya karɓi gatari ya fara sara. Unguwa ta taru. Aka ture laka, aka ɗauke jinka, aka goge ƙura, sai ga jan fentin nan yana ƙyalli kamar jiya na ajiye ta. Kujeru lafiya lau, katako ko ƙwarzane babu. Mata suka rangaɗa guɗa. Baba ya bi jikinta yana shafawa, sannan ya ɗaga murya gaban jama'a ya ce shi Mainasara da bai taɓa shiga motar nan ba, bayan an gama girbi ɗansa zai ɗauke shi a cikinta ya kai shi Kuyello ya gai da yayarsa, Gwaggo Asama'u, wadda ƙafa ta hana ta fita shekara da shekaru. A ranar ya aika mata da saƙo ta bakin masu zuwa cin kasuwa. Malam, na ga abubuwa a yaƙi ban yi kuka ba, amma ran nan sai da na zagaya bayan ɗaki.

Washegari na ɗauki tsintsiya da fartanya zan kwashe tokar. Ta sama busasshiya ce, tana tashi. Ta ƙasa kuwa ta jiƙe ta daskare ta manne da ƙarfe, sai da na sa ƙarfi. Da na ɓamɓare, sai na ga daɓen motar ya koma ruwan ƙasa, yana ɓarewa falle-falle. Na danna bakin sukundireba a hankali, ta wuce zuruf, na leƙa na hango ƙasa. Na bi ko'ina ina dannawa. Dokin ƙofa na ɓangare biyu ya ciwu, gindin ƙofofin ya yi ƙuraje a ƙarƙashin fenti, kusurwoyin akwatin baya sun huje. Mafi muni shi ne gefen hagu, wurin fasinja, da alama ta nan jinka ta yi yoyo. Daidai inda Baba zai ajiye ƙafafunsa, kuma ƙusoshin da ke riƙe kujerar tasa a cikin ruɓaɓɓen wurin suke. Na jawo tsohuwar tabarma na shimfiɗa a kai, na rufe ƙofa, ban gaya wa Baba ba.

Injin kam bai ba ni kunya ba. Na sauya mai, na wanke abin da ke buƙatar wanki, na samo batir, ya yi tari sau biyu ya tashi. Baba na zaune a buzunsa ya ji ƙarar, ya yi murmushi har da gyaɗa kai. Wannan murmushin shi ke hana ni sakewa.

Mutum uku na gaya wa, kowa da tasa. Na farko Andrawus, mai walda a bakin tasha, abokina tun muna yara. Ya zo ya kwanta ƙarƙashinta da 'yar gudumarsa yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Ya ce dogayen ƙarafunan nan biyu da gangar jikin motar ke zaune a kai lafiyarsu ƙalau, amma daɓen sai an yanke shi an fitar, da dokin ƙofa, a yi wa sabon fallen ƙarfe walda a wurin. Aikin zai ɗauki makonni kuma sai an kai ta rumfarsa. Na ce ya je ya ɗan taɓa wa Baba maganar ta gefe, a ji yadda zai ɗauka. Ya je ya gaishe shi, ya kewaya ya kewaya, ya ce ai tsofaffin motoci sukan so ɗan faci nan da can. Baba ya tashi da faɗa irin wanda na daɗe ban ji ba. Ya ce ba mai kusantar motar nan da wuta ko almakashi yana raye, ya ce ya san halin masu gyara, so suke su kwashe ƙarfen Turawa su liƙa na duro, ya ce shi ya karɓi amana ya mayar da ita ba ko tabo. Andrawus ya ba da haƙuri ya fito yana share gumi. Yanzu ya ce mini shi a shirye yake, amma ba zai yi aiki a bayan idon Baba ba, don ya ci tuwon gidan nan fiye da yadda zai iya tunawa.

Na biyu Maikuɗi, wani mai fentin manyan motoci da ke zuwa daga Kaduna. Shi dariya ma ya yi. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, zai shimfiɗa ragar waya a kan ramukan, ya shafe da wani ƙullu da suke da shi mai daskarewa kamar siminti, ya goge da samfefa, ya bi da fenti, ko ni mai motar sai na rantse ba a taɓa ba. Babu wuta, babu ƙara, a cikin gida za a yi lokacin da Baba ya tafi masallaci ko zaman majalisa. Ya ce tabbas zai kai mu Kuyello ya dawo da mu. Ba zan ɓoye maka ba, maganarsa ta shiga raina, don ita ce kaɗai hanyar da kowa zai zauna lafiya. Sai dai ni direba ne, na san hanyar Kuyello, na san gargadarta da kwazazzaban da damina ke bari. In na rufe ido sai in ga kujerar nan ta zurma da tsohon a kai.

Ta uku Hauwa'u. Ita ta ce in ɗora wa inji laifi, in ce wa Baba wani abu ya lalace a ciki wanda ba a samu sai a ƙasar Turawa, in sa shi a gaban babbar motar kasuwa in kai shi wurin yayarsa, magana ta ƙare. Ta ce ƙarfe bai kai a zubar da hawayen tsoho a kansa ba, kuma in matan unguwa suka ji tokarsu ce ta ci motar, ina za su sa kansu. Mun yi musu sosai har ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Na san don tausayi take faɗa. Amma Baba ya ji injin nan da kunnensa, kuma ni na riga na yi wa kaina alkawari, Jangwada sai ta shiga Kuyello da ƙafafunta, Baba na zaune a gefena. Ko zan yi shekara ina goge ƙarfe da hannuna, sai na yi.

Shi kuwa tsohon yana nan abinsa. Kullum da hantsi sai a shimfiɗa masa buzu kusa da ita, duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin yadda ya ci gara da yaƙi. Kwanakin farko har yakan buɗe ƙofar hagu ya zauna, wai yana koyon zaman mota, yanzu ya daina, sai dai ya shafa ta daga waje. Makon jiya kuma sai ga shi da wata sabuwa, ya sa kafinta ya yanko masa katakon maɗaci mai kauri, shi da kansa ya auna tsawo da faɗi da kamu da taƙi, wai ƙafar tsoho ba ta son sanyin ƙarfe, a kan katako zai ɗora tasa ranar tafiya. Yana nan yana goge shi da dutse kullum. Ka ji rigimar tsufa.

Ga shi dawa ta fara sunkuyawa, girbi ya matso. Malam, ina zan sa kaina? In na bi Maikuɗi, na yi wasa da ran mahaifina. In na bi Andrawus, dole in tsaya gaban mutumin da ya rarrafa cikin laka damina uku saboda ni, in ce masa hannunsa ne ya ɓata abin da ya tsare. Ta yaya ɗa zai furta wannan? Kuma ka tambayar mini masana, shin da gaske ƙullun nan ba zai riƙe ba ko na tafiya ɗaya? Motar nan dai sai na tashe ta, wannan ba na neman shawara a kai. Hanyar da zan bi ba tare da na karya tsohon nan ba ita nake nema.

Naka,
Direban Jangwada, Birnin Gwari.

AMSA

Wa alaikumus salam, Direban Jangwada. Barka da dawowa, Allah ya ji ƙan waɗanda ba su dawo ba. Na yi dariyar da ka ba ni izini a wurin gara da takalmi, daga nan ban sake yi ba har na kai ƙarshe.

Mu fara da ƙarfe, don shi ya fi sauƙi. Ni ba makanike ba ne, saboda haka na karanta wa wani tsohon mai gyaran jikin mota da muke masallaci ɗaya takardarka. Amsarsa gajera ce, Andrawus ke da gaskiya. Ƙullun Maikuɗi ba yaudara ba ne, yana da wurinsa, ana shafa shi siriri a kan lafiyayyen ƙarfe don a daidaita lotsawa kafin fenti. Amma ba ya ɗaukar nauyin mutum, ba ya jure jijjiga, kuma tsatsar da aka rufe ba ta mutuwa, ci take ci gaba da yi a ƙarƙashi. Mai yiwuwa ya kai ku Kuyello, mai yiwuwa ya tsage a kwazazzabo na farko. Ba a ɗora mahaifi a kan mai yiwuwa. Ka rufe wannan babin.

Ga abin da za ka fara tun yanzu, wanda ba ya buƙatar wuta. Ka fitar da kujeru da duk wani shimfiɗi, ka kwashe tokar nan kaf, har wadda ke cikin ƙofofi da lunguna, ka wanke da ruwa mai yawa, ka bar ta a rana da iska ta bushe sarai. Ka bi da buroshin waya da samfefa. Inda ƙarfe ya fito fari yana amsa guduma da ƙara mai kyau, ya tsira. Inda ya yi laushi ko ya huje, ka zagaye da alli, kuma ka faɗaɗa zagayen har cikin lafiyayyen wuri, don rowar yanka ita ke sa a sake aiki baɗi. A fitar da siffar kowane faci da kwali tukuna, sannan a yanka sabon ƙarfe mai kaurin na asali, kada a yarda da gwangwanin kananzir. Kafin a kunna wutar walda a sauke tankin mai a kai shi nesa, a cire batir. Andrawus ya riƙa ɗigawa nan da can yana barin wuri ya huce, don kada zafi ya murɗe fallen. Wurin ƙusoshin kujera a ninka ƙarfe. Bayan nan jan fentin hana tsatsa ciki da waje, kwalta a ƙasa, kuma a buɗe 'yan ramukan fitar ruwa da ke gindin ƙofofi. Abokin nawa ya ce in ja maka kunne a kan abu ɗaya da ba ka ambata ba, wato bututun birki. Motar da ta yi damina uku a rufe, a duba su ɗaya bayan ɗaya kafin ta hau hanya.

Hauwa'u kuma kada ka yi fushi da ita, mace ce mai tausayi kuma ta hango abin da kai ba ka hango ba, wato kunyar matan unguwa. Rabin shawararta abin ɗauka ne. In girbi ya wuce aiki bai ƙare ba, ko kuka ji jikin Gwaggo Asama'u ya motsa, ka sa Baba a motar kasuwa ku je ku gaishe ta, zuwan Jangwada ya zama na biyu. Zumunci ba ya jiran fenti ya bushe. Amma ƙaryar inji ka bar ta. Tsohon ya ji ƙararsa, kuma ƙarya irin wannan kullum sai an yi mata sabon faci.

Yanzu ga babbar maganar. Ka rubuta cewa hannun mahaifinka ne ya ɓata abin da ya tsare. Ban yarda da wannan hisabin ba, kuma ina so ka gyara shi a ranka kafin ka buɗe baki. Dogayen ƙarafunan da Andrawus ya ce lafiyarsu ƙalau, duwatsun Baba ne suka raba su da danshin ƙasa. Fentin da ya sa mata guɗa, jinkarsa ce ta kare shi. Kujeru da katako, tokar ce ta tsare su, ta yi aikin da aka sa ta. Ka zo Kaduna ka ga motocin da masu su suka bari a fili suka tafi yaƙi, yawancinsu ko ƙofa ba ta rage ba. Kuskurensa ɗaya ne, hatsi yana son a toshe shi, ƙarfe kuwa iska yake so, kuma toka in ta sha ruwa riƙe shi take yi. Ba wanda ya gaya masa haka, kai ma da ka ba shi amanar ba ka faɗa ba, don hankalinka na kan tafiya. Ya mayar maka da mota wadda za a iya gyarawa. Wannan ita ce gaskiyar, kuma da ita za ka fara.

Sannan ka koma ka karanta takardarka, wurin da ka kira rigimar tsufa. Mutumin da yake buɗe ƙofar hagu yana zama, sai ya daina. Mutumin da ya auna katako mai kauri da hannunsa, daidai faɗin wurin da ka rufe da tabarma. Direba, wanda idonsa ya yi rauni da tafin ƙafa da yatsu yake gani, kuma manomin da ya shekara sittin yana buɗe rumbu ya san warin abin da ruwa ya shiga. Ba zan rantse ba, don ban san shi ba, amma zuciyata ta ba ni cewa Baba Mainasara ya riga ka sani, ko kuma ya gano jim kaɗan bayanka. Katakon nan nasa gyaran ne, irin wanda ya iya. Kana ɓoye masa don kada ransa ya ɓaci, yana ɓoye maka don kada ka ga ya gaza a amanarka. Faɗan da ya yi wa Andrawus ma ina jin daga nan ya taso. An aiko masa da baƙo ya taɓa masa inda ke ciwo, alhali ɗansa na cikin gida.

Saboda haka kada ka sake aika kowa. Ka zaɓi lokacin da ba baƙi, ka zauna ƙasa kusa da buzunsa, ka lissafa masa abin da ya tsira ɗaya bayan ɗaya, ka yi masa godiya da bakinka, don na lura a takardarka ka yi kuka a bayan ɗaki amma ba ka ce ka gode masa a gabansa ba. Sannan ka ɗauke tabarmar, ka kama hannunsa ka ɗora a wurin, ka ce ruwa ya shiga ta nan, kana neman izininsa da shawararsa. Kada ka yi dogon bayani. Zai yiwu ya yi faɗa, zai yiwu ya yi shiru kwana biyu, ka jure, ka jure abin da ya fi wannan. In ya sauko, ka bar shi ya zama shi zai aika a kira Andrawus, shi zai ba da umarnin yanka. Ku kai shi rumfar ya zauna, a riƙa miƙa masa sabon ƙarfen yana taɓawa, tun da tsoronsa a sa masa na duro. In an goge walda a ba shi ya shafa, yatsunsa za su ji kaushin da idonku zai tsallake. Mutanen unguwa kuwa abin da za a gaya musu gaskiya ne kuma ya isa, jinka ta yi yoyo, ruwa ya taɓa daɓe, ana sauya shi. Matan da suka kawo toka addu'a suka kawo, ba wanda ke da hurumin mayar musu da ita laifi.

Taurin kan da ka ce an san ka da shi, ga wurin amfaninsa, ka tashi motarka yadda ya kamata ko da Kuyello za ta jira har bayan sallah. Katakon maɗacin nan kuma kada ka bari a mai da shi itacen wuta. Ranar tafiya ka shimfiɗa masa shi da hannunka a kan sabon ƙarfe, ya ɗora ƙafafunsa, ku biyun kun san abin da ke ƙarƙashi.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba Gwaggo Asama'u sauƙi, ya yi wa hannun Andrawus albarka. Ka gai da Hauwa'u. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, kuma ka tuƙa a hankali, fasinjan naka wannan ce tafiyarsa ta farko a cikinta.

Malam Ja'afaru